Labarin Zuciya, a Tambayi Wa?

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a yawancin mu'amalarmu maganar tana ci. Kana shiga zaure ka dubi fuskar maigida, ka san ko yau ranar neman alfarma ce ko ranar gaisuwa a wuce. Amma akwai mutanen da wannan ma'auni ba ya aiki a kansu yadda aka saba. Fuskarsu ba ta ba da labarin da mai kallo yake jira, ko kuma tana bayarwa da wani harshen da shi bai iya ba. Daga cikinsu akwai masu yanayin da likitoci ke kira otizim. Sama da shekara 80 ke nan masana suna tambayar fuskokin waɗannan bayin Allah, kuma amsar da suka daɗe suna samu ita ce ba su damu da mutane ba. A 'yan shekarun nan wani salon bincike ya ɓullo wanda ya canja mai yin tambayar, ya canja kayan da ake tambayar da su, sai ga shi amsar ma ta canja.

Kafin mu yi nisa, a daidaita suna. Kafofin labarai na Hausa kan ce galahanga, sai dai wannan kalma buhu ce da ake zuba abubuwa da yawa a cikinta, har da yanayin da ba su haɗa hanya da juna ba, kuma a bakin jama'a takan zo da raini. Don haka zan tsaya a kan otizim. Ba ɗaukarsa ake yi ba, ba kuma tarbiyya ke kawo shi ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, da shi mutum ke tasowa, da shi yake tsufa. Yakan bayyana a yadda mutum ke hira da karanta ishara, da son abubuwa su tafi a kan tsarin da ya saba, da nutsewa cikin abu guda da yake ƙauna, da kuma yadda yake jin duniya a jikinsa: ƙugin fankar da kai ba ka ma lura da shi ba, shi yana iya jin sa kamar ana kaɗa masa ganga a kunne. Wasu ba sa magana da baki ko kaɗan, wasu kuwa malaman jami'a ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi.

A shekarar 1938 wani lauya daga ƙaramin garin Forest da ke jihar Mississippi ta Amurka ya rubuta wa Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Baltimore, wasiƙa mai shafi 33 yana bayyana halin ɗansa Donald Triplett, ɗan shekara 5. Yaro ne mai saurin hadda, mai son juya abubuwa a ƙasa kamar yadda yaranmu ke juya katantanwa, amma ba ya nuna murna in ya ga uwa ko uba. A 1943 Kanner ya wallafa bayanin yara 11 masu irin wannan hali, Donald ne na farkonsu, kuma abin da ya ɗauka a matsayin jigon lamarin shi ne kaɗaici mai tsanani tun daga farkon rayuwa. Kalmar otizim kanta daga Girkanci take, daga kalmar da ke nufin “kai”, wato mutum ya naɗe cikin kansa.

Shi Donald ɗin a garin Forest ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a bankin garin, yana tuƙa motarsa, yana zuwa ƙasashen waje shi kaɗai. 'Yan jarida biyu da suka bi tarihinsa, John Donvan da Caren Zucker, sun ba da labarin cewa yakan sa wa mutanen da ya sani lamba, kowa da tasa, kuma wanda ya kwanta masa a rai yakan harbe shi da 'yar robar ɗaure kuɗi. Mutanen garin sun gane cewa gaisuwarsa ke nan. Yaron da aka fara kafa hujjar kaɗaici da shi, ashe ɗan gari ne sosai. Zumuncin nasa ne ya zo da wata siffa da ba a tanadar mata gurbi a takardar likita ba.

Gwajin da ya fi kafa ra'ayin farko a zukatan masana an yi shi ne a Landan a 1985. Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith suka kawo 'yan tsana biyu, Sally da Anne. Sally tana da kwando, Anne tana da akwati. Sally ta sa ɗan ƙwallo a kwandonta ta fita, Anne ta ɗauke ta mayar da shi akwati. Sai a tambayi yaro: idan Sally ta dawo, ina za ta nemi ƙwallonta? Amsar da ake so ita ce kwando, don Sally ba ta ga an ɗauke ba. Cikin yara 20 masu otizim, 16 suka nuna akwati. Daga nan aka gina ra'ayin cewa matsalarsu ita ce hasashen abin da ke zuciyar wani, kuma da maganar ta fita daga jami'a ta shiga bakin jama'a sai ta koma “ba su da tausayi”, abin da gwajin bai auna ba.

A lura da yadda aka raba aiki a irin wannan bincike. Mai otizim shi ne abin kallo. Mai tsara tambaya, mai ba da maki, da mai fassara sakamako duk ba su da otizim. An auna ko yaron ya iya hasashen zuciyar 'yar tsana, ba a auna ko mai gwajin ya iya hasashen zuciyar yaron ba. Haka takardun tambayoyi kan abota suke: abokanka nawa, sau nawa kuke fita tare a wata, kana son taron biki? Wanda ya tsara su ya riga ya yanke yadda abota take, don haka duk abotar da ba ta zo da wannan kama ba sifili za ta ci.

Masu abin ne suka fara nuna wannan giɓi. A 1992 Jim Sinclair da Donna Williams da Kathy Grant, dukansu masu otizim, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu, kuma a 1993 Sinclair ya gabatar da jawabi a wani taro a Toronto ta Kanada yana roƙon iyaye su daina makokin ɗan da suka yi mafarkin samu, su koyi harshen wanda ke gabansu. A 1996 ƙungiyar ta fara taron shekara-shekara mai suna Autreat a jihar New York, wanda masu otizim suka tsara wa kansu. Wata dabara da ta shahara daga wurinsu ita ce alamar da mutum ke maƙalawa a ƙirji. Ja na nufin kada kowa ya yi mini magana yanzu. Rawaya na nufin sai wanda na riga na sani. Kore na nufin ina son hira amma fara ta ke yi mini wuya, don Allah ka fara. Duk wanda ya tsaya ya yi tunani a kan koriyar alamar nan zai ga ta isa ta girgiza ra'ayin Kanner: ga mutum a gefen ɗaki, shiru, idonsa a ƙasa, mai kallo zai rantse ba ya son mutane, alhali jira yake a zo.

Damian Milton, masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, mai otizim kuma uban yaro mai otizim, shi ya sa wa lamarin suna a 2012. A Hausa za mu iya kiran ra'ayinsa matsalar rashin fahimta ta ɓangare biyu. Idan mutum biyu da ke jin duniya ta hanyoyi mabambanta suka kasa gane juna, laifin ba a kan ɗaya yake ba, a tsakaninsu yake, kamar Bahaushe da Bayarabe da suka haɗu babu tafinta. An gwada wannan magana. A 2017 Noah Sasson da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wa mutane gajerun bidiyo na masu otizim da marasa shi. Cikin daƙiƙoƙi masu kallo suka nuna ƙarancin sha'awar hulɗa da masu otizim. Amma da aka ba wasu rubutaccen abin da mutanen suka faɗa kawai, babu murya babu fuska, sai bambancin ya ɓace. Wato ba abin da suke faɗa ake ƙi ba, yanayin faɗar ne.

A Edinburgh kuma, Catherine Crompton ta jera mutum 72 a layuka tara, kowane layi mutum takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har ƙarshe. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna layin masu otizim zalla ya riƙe labarin daidai da layin marasa otizim zalla, layin da aka gauraya ne ya fi zubar da shi a hanya. Da aka maimaita gwajin da mutum 311 aka wallafa a 2025, ba a ga wannan zubewa a layin gauraye ba, amma ɓangaren farko ya tsaya: masu otizim suna isar wa juna saƙo kamar kowa.

To in haka ne, me ya sa binciken ya daɗe bai waiwayi wannan ɓangare ba? Wani rahoto da Liz Pellicano da abokan aikinta suka fitar a 2013 ya bi sawun kuɗin. Daga 2007 zuwa 2011 an kashe kusan fam miliyan 21 a binciken otizim a Birtaniya. Kashi 56 cikin 100 ya tafi ga nazarin halitta da ƙwaƙwalwa, kashi 5 ga hidimomin da ake yi wa mutane, kashi 1 kacal ga al'amuran zamantakewa. Da aka tambayi masu otizim da iyalansu, sai suka ce abin da ya dame su shi ne rayuwar yau da gobe: makaranta, aiki, asibiti, zama da mutane.

Nan ne binciken da ake damawa da masu abin ya shigo. Ba a kan otizim aka ƙirƙiro shi ba. Jijiyarsa tana komawa ga irin aikin Paulo Freire, malamin yaƙi da jahilci na ƙasar Birazil, wanda ya dage cewa talakan da ake koyarwa shi ma masani ne a kan rayuwarsa. Mu ma muna da maganar: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai “damawa” kalma ce mai sauƙin faɗa, shi ya sa masu wannan fage suke yawan komawa ga tsanin da Sherry Arnstein ta zana a 1969, mai hawa takwas. Hawa biyu na ƙasa ba shiga ba ce sam, juya mutane ne kawai. Uku na tsakiya su ne a sanar da kai, a ji ta bakinka, a lallashe ka da kujera a kwamiti, wato abin da za mu kira jeka-na-yi-ka. Uku na sama ne kaɗai ke da iko a cikinsu: a yi tarayya da kai, a miƙa maka wani yanki na hukunci, ko ragamar ta koma hannunka. Ma'aunin ba yawan masu otizim da aka gayyato ba ne. Ma'aunin shi ne, in suka ce a'a, aikin zai tsaya?

Ɗaya daga cikin misalan da suka fi daɗewa shi ne ƙungiyar AASPIRE da aka kafa a 2006 a birnin Portland na Amurka. Christina Nicolaidis likita ce kuma uwar yaro mai otizim, Dora Raymaker kuwa mai otizim ce kuma mai bincike, su biyu suke jagoranci kafaɗa da kafaɗa. Sun fi yin taronsu a rubuce ta intanet, don mai buƙatar lokaci kafin ya amsa ya samu, kada masu zafin baki su cinye zaman. Wajen yanke shawara suna amfani da yatsu biyar. Yatsa ɗaya, na yarda da murna. Biyu, na yarda amma ba ta burge ni ba. Uku, ina da tambaya tukuna. Huɗu, ba na so amma zan iya haƙura. Biyar, ba zan lamunta a sa sunana a wannan ba. In aka samu mai uku ko sama, sai a koma tattaunawa. Dabara ce ƙarama, amma tana toshe wata ɓaraka da kowa ya sani a taro, inda ake ɗaukar shiru a matsayin amincewa. Da wannan tsari suka yi bincike kan wahalar da manya masu otizim ke sha a asibiti, suka kuma samar da kayan taimako ga marasa lafiya da likitocinsu.

Saura batun fasaha. Me ya kawo hoto da zane da wasan kwaikwayo cikin bincike? Dalilin yana cikin yanayin hira irin ta masu bincike. Baƙo ne zai zaunar da kai a ɗakin da ba ka sani ba, ya kafa maka ido, ya jefo tambaya mai faɗi kamar “yaya kake ji game da abokanka?”, yana jiran amsa nan take. Kowane yanki na wannan tsari yana da nauyi a kan mai otizim. Ga shi kuma bincike ya nuna kusan rabinsu suna da wahalar sanya wa abin da ke ransu suna. Suna jin abin, kalmarsa ce ba ta zuwa. In aka sa wani abu a tsakani, hoto ko zane ko abin da mutum ya ƙera da hannunsa, sai ido ya koma kan abin maimakon fuska, lokaci ya koma hannun mai amsa, kuma shi ne ya zaɓi inda maganar za ta fara.

Wata hanya da ake yawan amfani da ita ana iya kiranta muryar hoto. Caroline Wang da Mary Ann Burris ne suka fara ta a farkon shekarun 1990 a lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda suka raba wa matan karkara 62 kyamarori su ɗauki rayuwarsu. Hotunan jarirai kwance a gona iyayensu na aiki sun isa gaban jami'ai, kuma cikin abin da ya biyo baya har da buɗe wuraren renon yara.

Bari mu kwatanta yadda zama ɗaya yake gudana in an ɗauko wannan hanya zuwa ga masu otizim. A ce mutum takwas ne, an ba kowa mako biyu ya ɗauko hotuna biyar na inda yake jin shi ɗan gida ne. Tun kafin ranar an aika musu da tambayoyin, da hoton ɗakin da za a zauna, da na mutanen da za su tarar. An rage hasken fitila, an ware wani ɗaki a kusa ga mai son ya fita ya huta ba tare da ya nemi izini ba. Wata ta ajiye hoton kujerar ƙarshe a motar bas, ta jikin taga, babu kowa a kai. Da mai bincike ne zai fassara shi kaɗai, da ya rubuta “gudun mutane”. Ita kuwa ta rubuta a ƙasan hoton cewa nan take zama kowace safiya, fasinjojin da suka saba da ita suna bar mata wurin, direba ba ya ce mata komai sai ɗaga hannu, kuma duk ranarta babu inda ake saninta ba tare da an nemi ta yi wani abu ba sai nan. Bayan kowa ya yi bayanin nasa, da baki ko a rubuce, sai a baje hotunan a tebur, su da kansu su kasa su kashi-kashi, su raɗa wa kowane kashi suna. Wannan kasawar ita ce nazarin, kuma ita ce a da ake yi bayan masu abin sun tafi gida.

Akwai wasu hanyoyin. A jami'ar Stirling ta Sikotland, Joan Murphy ta ƙirƙiro Talking Mats a 1998, wato tabarmi masu magana: 'yar shimfiɗa ce da katunan hoto, mutum yana ajiye kowane kati a ɓangaren “ina so”, ko “ba na so”, ko tsakiya. A Southampton, Sarah Parsons da abokan aikinta sun maƙala wa yara ƙanana masu otizim 'yan kyamarori a riga a makarantar reno, aka haɗa gajerun finafinai da ke nuna abin da yaron yake kallo da abin da ke sa shi dariya, aka miƙa wa malaman firamaren da zai shiga, don su fara saninsa ta nan kafin su karanta jerin abubuwan da bai iya ba. Jami'o'in Kent da Surrey kuma sun yi wani aiki mai suna Playing A/Part, ƙarƙashin Nicola Shaughnessy, inda 'yan mata masu otizim, ciki har da ɗaliban makarantar Limpsfield Grange, suka yi amfani da wasan kwaikwayo da sauran fasahohi wajen nuna yadda suke ganin kansu.

Me ake ji idan aka yi tambayar ta waɗannan hanyoyi? Abu na farko shi ne bambanci tsakanin keɓewa da kaɗaici. Mutum yana iya buƙatar awa uku shi kaɗai don kansa ya huce bayan hayaniyar makaranta, kuma wannan mutumin dai yana iya kwana da ciwon rashin aboki. Tun a shekarar 2000 Nirit Bauminger da Connie Kasari suka gano yara masu otizim suna bayyana kaɗaici fiye da tsararrakinsu, kuma ba ka kewar abin da ba ka so. Abu na biyu, zumuncin yakan zo da siffar da takardar tambaya ba ta kamawa. Akwai zama tare kowa na harkarsa, ba a cewa uffan, irin na dattawa biyu a kan dakali da rediyo a tsakaninsu, wanda babu mai cewa ba abota ba ce. Akwai zuba wa mutum bayani na rabin awa a kan jiragen ƙasa ko tsuntsaye, wanda mai sauraro ke ɗauka surutu ne alhali mai yi kyauta yake bayarwa daga abin da ya fi ƙauna. Akwai abokan intanet da ba a taɓa haɗuwa da su ba, da kyanwa, da wani lungu na laburare.

Abu na uku ya fi nauyi, shi ne ɓad-da-kama. Da yawa, musamman mata, sun koyi tilasta wa kansu kallon ido, da haddace jimlolin hira, da danne motsin hannun da ke kwantar musu da hankali, don kada a gane. Laura Hull ta tattara bayanan manya 92 a 2017, kuma abin da suka fi ambata shi ne gajiya mai tsanani da jin cewa mutum ya ɓace wa kansa. Sarah Cassidy kuma ta samu alaƙa tsakanin yawan wannan ɓoyo da tunanin kashe kai. Daga waje, mai ɓad-da-kama ya yi nasara: yana cikin taro, ana gaisawa da shi. Daga ciki kuwa ya san ba shi aka karɓa ba, rigar da ya sa aka karɓa. Mai ƙirga abokai daga nesa ba zai taɓa ganin wannan ba.

Hanyar tana da nata raunin, kuma masu yin ta ba sa ɓoyewa. Mutum takwas ko goma sha biyu ba sa wakiltar miliyoyi; irin wannan bincike yana nuna yadda abu yake, ba yawan waɗanda yake shafa ba. Sannan su wa ke zuwa? Galibi masu iya karatu da rubutu ne, masu intanet, waɗanda suka samu likita ya tabbatar musu da yanayinsu. Ana ƙiyasta kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na masu otizim ba sa magana ko kaɗan ko sai 'yan kalmomi, kuma wani nazari da Ginny Russell ta jagoranta a 2019 ya gano kashi 94 cikin 100 na waɗanda ake sawa a binciken otizim ba su da naƙasar fahimta. Iyayen yara masu buƙata mai yawa sukan yi ƙorafin cewa masu iya magana sun zama bakin kowa. Ga kuma haɗarin sa wa mutum magana a baki. A shekarun 1990 an yi yayin wata hanya da mataimaki ke riƙe hannun marar magana yana danna haruffa, sai gwaje-gwaje suka nuna saƙon daga mataimakin yake fitowa ba tare da shi kansa ya sani ba. Zane ma haka yake: in mai shi bai iya cewa “ba haka nake nufi ba”, fassarar ta koma hannun mai kallo, an dawo gidan jiya. Sai batun kuɗi da suna: wa aka biya, sunan wa ya fito a kan takarda, kuma mutumin da ya faɗo cikin hoton wani, an nemi yardarsa?

Rashin damawar ma yana da tsada. A watan Agusta na 2021 aka ƙaddamar da Spectrum 10K a Cambridge, ƙarƙashin Baron-Cohen ɗin nan na gwajin 'yan tsana, da nufin tattara ƙwayoyin gado na masu otizim 10,000. Masu otizim suka tashi da tambayoyi a kan wa zai riƙe bayanan da abin da za a yi da su nan gaba. Cikin makonni aka dakatar da aikin don a tuntuɓe su, kuma a farkon 2025 aka rufe shi.

A ganina, abin da wannan salon ya kawo ba wai ya maye gurbin awo da ƙididdiga ba ne. Gwajin Crompton da na Sasson awo ne irin na da, kuma da su aka tabbatar da abin da masu otizim suka daɗe suna faɗa. Abin da ya canja shi ne inda tambayar take fitowa. Babu wanda ya yi tunanin jera masu otizim su isar wa juna labari sai da wani daga cikinsu ya ce a duba tsakani, kada a tsaya a kanmu.

Kusan duk ayyukan da na ambata a Birtaniya da Amurka aka yi su, kuma kayan awon da likitoci ke amfani da su a can aka ƙera su. Tun a 1978 Victor Lotter ya wallafa abin da ya gani bayan ya zagaya ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya da Gana, ya kuma samu yara masu otizim, don haka ba lamarin Turawa ba ne kaɗai. Amma ma'aunin ba ya ƙetare teku lafiya lau. Rashin kallon ido yana cikin alamomin da ake dubawa a can, a gidajenmu kuwa yaron da ya kafa wa babba ido shi ake cewa mai tsaurin ido, mai sunkuyar da kai shi ne mai kunya. Haka ma zama ɗan gida. A gidan da mutum ashirin ke kwana, “abokanka nawa?” ba ita ce tambayar ba. Wanda zai yi irin wannan aiki a Kano ko Damagaram sai ya zauna da masu abin da iyayensu sun sake ƙera tambayoyin tun daga tushe: ko yaron yana da lungun da zai keɓe in hayaniya ta yi masa yawa, ko yana sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, ko ana aikensa kamar sauran yara, ko in an yi baƙi ana kiransa ya zo ya gaishe su, ko kuwa a lokacin ne ake tura shi ɗaki a ja ƙofa.